Shekara bakwai ina ba yara labarin Nusaiba, yau an ce mini daga Waƙidi ya fito

Assalamu alaikum. Ni malamar Islamiyya ce, ina kuma karatun digiri na biyu a sashen tarihi na wata jami'a a nan Arewa. Kundina a kan gudummawar matan Ansaru ne a yaƙoƙin zamanin Annabi (SAW). Babi na uku kusan dukansa a kan Nusaiba 'yar Ka'abu ne, wato Ummu Umara, wadda saboda ƙaunar da nake mata na sa wa 'yata sunanta. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babin jajir da jan biro. Ya ce na jera littattafai biyar a kan labari ɗaya, ban faɗi bugu ba, ban faɗi wanda ya ruwaito ba, wai wa'azi na rubuta ba tarihi ba. Na kai wa Kawuna, wanda a gabansa na yi karatun hadisi tun ina yarinya. Yana dubawa ya ce yawancin labarin Uhudu da na kawo ta hanyar Waƙidi ya zo, shi kuwa matruki ne, wato malaman hadisi sun watsar da ruwayarsa, in cire duka. Malamina na jami'a kuma ya ce kada in kuskura in cire. Abin da ya fi hana ni barci shi ne, shekara bakwai ina gaya wa ɗalibaina cewa Annabi (SAW) ya ce bai waiga dama ko hagu ba ranar Uhudu face ya gan ta tana yaƙi don kare shi. Ke nan ƙarya nake yi wa Manzon Allah? In kuma na fara auna labaran Sahabbai, ban shiga rashin ladabi ba? Wata huɗu ya rage in miƙa kundin, har na fara tunanin ajiye karatun.

Maman Nusaiba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari mu fara da abin da ke hana ki barci, domin muddin yana zuciyarki ba za ki iya gyara ko shafi ɗaya ba.

Hadisin da ke tsorata ki, wanda Bukhari da Muslim suka kawo, a kan wanda ya yi wa Annabi (SAW) ƙarya da gangan yake magana. Ke ba ki ƙirƙiri komai ba. Maganar da kika riƙa faɗa tana cikin Ɗabaƙat na Ibnu Sa'ad, Ibnu Hajar ma ya kawo ta a littafinsa Isaba ya jingina ta ga Waƙidi. Kin faɗi abin da kika gani a littafin malamai da zuciya ɗaya. Abin da ya canza yau shi ne kin san hanyar da ta biyo, sanin kuwa shi ke ɗora nauyi. Daga yanzu ki daina cewa "Annabi ya ce" a kanta. Ki ce "an ruwaito a littattafan tarihi, ta hanyar da malaman hadisi ba su amince da ita ba". Wannan bambanci tsakanin "ya ce" da "an ruwaito" malamanmu suka shimfiɗa shi tun da, Kawunki ya san shi sarai. Tsoron nan da kika ji kuwa, ni alheri na gani a cikinsa, kada ki bari ya kore ki daga karatu.

Yanzu ga manyanki biyu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da na lura da shi shi ne tambaya ɗaya suka yi miki: wa ya faɗa? Kawu ya yi ta da harshen zaure, Malam ya yi ta da jan biro. Ki tuna yadda ake yi a sashenku in ɗalibi ya je ƙauye ya yi hira da dattijo kan tarihin gari. Dole ya rubuta sunan dattijon, shekarunsa, garin da aka yi hirar da ranar da aka yi ta, in ya yiwu har wanda shi dattijon ya ji labarin daga bakinsa. Isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito labari wani daga wani, ke nan da wata riga. Inda suka rabu shi ne abin da za a yi da labari bayan an gano mai shi. Kawu yana duba ko za a kafa addini a kansa. Malam yana duba abin da labarin zai iya nuna mana game da abin da ya faru, da kuma mutanen da suka adana shi. Kowannensu yana da gaskiya a filinsa.

Game da Waƙidi, Kawu bai yi ƙari ba. Muhammad bin Umar al-Waƙidi ya rasu a Bagadaza a 207 bayan Hijira. Bukhari ya ce matruki ne, Imamu Ahmad ya yi masa suka mai tsanani, kuma cikin abin da aka zarge shi da shi akwai haɗa ruwayoyin mutane da yawa ya dunƙule su labari guda, har a kasa gane wa ya faɗi wane yanki. Ibnu Hajar ya taƙaita shi da cewa matruki ne duk da yalwar iliminsa. Sai dai Zahabi, wanda ya rasu a 748, bayan ya kawo sukar da aka yi masa a littafinsa Siyar, ya ce duk da haka ba a wadatuwa da barinsa a sha'anin yaƙoƙi da labaran Sahabbai. Shi kansa Ibnu Hajar da ya kira shi matruki ya yi ta ambatonsa a Isaba. Abin da suke yi shi ne su faɗi sunansa, don mai karatu ya san ma'aunin da zai ɗauko. Wannan ne ya ɓace a babinki.

Littattafai biyar ɗin nan da kika jera, ina kyautata zaton Ɗabaƙat ne, da Isti'ab na Ibnu Abdil Barri, da Usudul Gaba na Ibnul Asir, da Siyar, da Isaba. Ki dubi shekarun rasuwar masu su: 230, 463, 630, 748, 852. Yaƙin Uhudu a shekara ta 3 aka yi shi. Ibnu Hajar ya rasu bayan Uhudu da fiye da shekara 800, don haka ba shaida ba ne, mai tattarawa ne kuma mai tacewa. In kika bi sawun maganar "dama ko hagu" a littattafan baya, za ki tarar ƙafa ɗaya ta taka ta. Shaida ɗaya ne ya sake riga sau da yawa, ke kuma kika ƙirga shi biyar. Ga tarkon da ke kama ɗalibai da yawa: Ibnu Sa'ad magatakardan Waƙidi ne, kuma ba ya kiran malaminsa da laƙabin da muka saba. Cewa yake "Muhammad bin Umar ya ba mu labari". Duk inda kika ga wannan suna a farkon isnadi a Ɗabaƙat, Waƙidi ne. Shi Ibnu Sa'ad malaman hadisi sun yarda da gaskiyarsa, kuma yana da malamai da yawa ban da Waƙidi, saboda haka ba a yi wa littafin hukunci ɗaya. Ruwaya-ruwaya ake bi.

Ga aikin da nake so ki yi a makonni biyu masu zuwa, kafin ki taɓa rubutun babin. Ki samu littafin rubutu sabo. Ki tsinka tarihin Nusaiba gida-gida: mubaya'ar Aƙaba, Uhudu, kisan ɗanta Habibu a hannun Musailama, yanke hannunta a Yamama. A ƙarƙashin kowane gida ki rubuta littafi mafi daɗewa da ya kawo shi, da isnadin dukansa, da lafazin Larabcin kamar yadda yake. Za ki ga gidajen ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Aƙaba tana tsaye da ƙafafunta. Labarin ya zo daga Ka'abu bin Malik, wanda yana wurin, ta hanyar Ibnu Ishaƙ daga Ma'abad ɗan Ka'abu, Imamu Ahmad ma ya kawo shi a Musnad. Maza 73 ne da mata 2, aka kuma faɗi sunayen matan: Nusaiba 'yar Ka'abu da Asma'u 'yar Amru. Babu Waƙidi a wannan hanya.

Uhudu ce ke buƙatar natsuwa, kuma a nan ne babinki zai iya yin kyau fiye da yadda kike zato. In kin buɗe Sirar Ibnu Hisham wurin da aka ambaci yaƙinta, ki dubi kalmomin farko. Za ki ga "Ibnu Hisham ya ce". Wannan yana nufin ƙarin Ibnu Hisham ne, ba maganar Ibnu Ishaƙ ba. Mutane biyu ne a littafin nan. Ibnu Ishaƙ ya rasu wajen 150, Ibnu Hisham ya rasu 218, ya karɓi littafin ta hannun Ziyad al-Bakka'i, ya kuma faɗa da bakinsa a gabatarwa cewa ya zubar da wasu abubuwa. Ƙarin da ya yi kuma yakan sa sunansa a kai. Wanda ya rubuta "Ibnu Ishaƙ ya ce Nusaiba ta yi yaƙi a Uhudu" alhali daga wannan wuri ya ɗauko, ya matsar da labarin baya da kusan shekara 70 ba tare da ya sani ba. In fassarar Turanci ta Guillaume ta 1955 kike dubawa, ki sani ya kwashe ƙare-ƙaren Ibnu Hisham ya kai su ƙarshen littafi.

Shi labarin da Ibnu Hisham ya kawo, daga Ummu Sa'ad 'yar Sa'ad bin Rabi'i ya fito. Ta shiga wurin Nusaiba ta ce, Inna, ba ni labarinki. Nusaiba ta ce ta fita da hantsi da salkar ruwa, da Musulmi suka watse sai ta matsa kusa da Annabi (SAW) tana kare shi da takobi da baka. Ummu Sa'ad ta ga tabo mai zurfi a kafaɗarta ta tambayi wanda ya yi mata, ta ce Ibnu Ƙami'a. Ibnu Hisham bai ambaci waɗanda ke tsakanin mai ba shi labarin da Ummu Sa'ad ba, don haka isnadin yana da giɓi. Waƙidi ma ya kawo wannan hira ta Ummu Sa'ad, ya ƙara da wasu ruwayoyi daga dangin Nusaiba, Banu Mazin, irin ta Damra bin Sa'id daga kakarsa. A wata ruwaya raunukanta 12, a wata 13.

Me mai tarihi zai ce a nan? Zai ce labarin yaƙin Nusaiba a Uhudu sananne ne ga masu tattara tarihi a ƙarshen ƙarni na biyu, ya shiga littattafai ta hannun mutum biyu, kuma jijiyarsa tana komawa ga matan Madina da dangin ita Nusaiba. Labarin dangi yana da ƙarfi, domin su suka ga tabon, su suka yi jinya. Yana kuma da rauni, domin kowane gida yana son a ji girman kakarsa. Zai ce jigon labarin, wato tana wurin, ta yi faɗa, an ji mata ciwo, ya fi ƙarfi a kan ƙidayar raunuka da lafuzzan da aka jingina wa Annabi (SAW). Ki rubuta haka, ƙanwata, a fili. Ban ga rashin ladabi ga Ummu Umara a ciki ba ko kaɗan. Ɗabari, wanda ya rasu a 310, ya gargaɗi mai karatu a farkon Tarihinsa cewa in ya ga abin da ya ƙi ji, daga masu kawo masa labarin ne, shi ya isar ne yadda aka isar masa. Hafiz al-Iraƙi ma a waƙensa na sira ya ce ɗalibi ya sani sira tana tara ingantacce da wanda aka yi inkari. Su suka bar mana isnadin a rubuce don mu duba. Wanda ya ƙi dubawa bai fi su girmama Sahabbai ba.

Akwai wani abin farin ciki da tashin hankali ya hana ki gani. Kundinki a kan matan Ansaru ne, ba Nusaiba kaɗai ba, kuma ginshiƙinsa yana cikin littattafan da Kawu ba zai yi jayayya da su ba. A Bukhari, Anas ya ga A'isha da Ummu Sulaim suna jigilar salkunan ruwa ranar Uhudu. Umar ya shaidi Ummu Saliɗ da irin wannan aiki a ranar. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce suna fita yaƙi suna shayarwa, suna hidima, suna mayar da masu rauni da waɗanda aka kashe Madina. A Muslim, Ummu Aɗiyya ta ce ta fita yaƙi 7 tana dafa abinci tana jinyar masu rauni, ga kuma Ummu Sulaim da wuƙarta ranar Hunainu. Ki sa waɗannan a farkon babin su zama daɓe, sannan ki ɗora labaran masu tarihi a kai, kowanne da alamarsa.

Ki yi hattara da sunaye. Ummu Aɗiyya ita ma Nusaiba ce, wasu har sun kira ta 'yar Ka'abu, don haka in kin ga sunan a isnadi ki tabbatar wacce ake nufi. Haka tantin jinyar da aka kwantar da Sa'ad bin Mu'az a masallaci bayan Handaƙ: Ibnu Ishaƙ ya ce na Rufaida ne, Ibnu Sa'ad ya ambaci Ku'aiba 'yar Sa'ad da wannan aiki. Kada ki zaɓi ɗaya ki yi shiru a kan ɗayar. Ki kawo duka biyu, ki faɗi wanda kika rinjayar da dalilinki.

Batun bugu da Malam ya ja wa layi kuwa, yana da hujja. Ɗabaƙat na bugun Dar Sadir na Beirut juzu'i 8 ne, mata suna na 8. Bugun Khanji na Alƙahira na 2001, tahƙiƙin (wato tantancewar) Ali Muhammad Umar, juzu'i 11 ne, ya kuma ƙunshi sassan da babu su a tsofaffin bugu. In kin rubuta juzu'i da shafi ba ki faɗi bugu ba, kin tura mai karatu gidan da babu lamba. Ki tsayar da bugu ɗaya ga kowane littafi, ki riƙe shi daga farkon kundi har ƙarshe. A bayanin ƙasan shafi ki sa sunan marubuci, littafi, mai tahƙiƙi, gari, maɗaba'a, shekara, juzu'i da shafi, sannan ki ƙara 'yar jimla: "ta hanyar Waƙidi, daga wane, daga wane". Maktaba Shamila, wato manhajar nan ta littattafan Larabci, ki ɗauke ta a matsayin fitilar nema. In ta nuna miki wuri, ki buɗe hoton littafin bugagge ki gani da idonki, domin akwai kurakuran bugawa, kuma ba kowane kwafi ne lambar shafinsa ta dace da bugaggen ba. Abin da ba ki gani a tushensa ba sai a littafin wani na zamani, ki faɗa cewa daga can kika ɗauko. Wa'azin da kika ji a waya ba madogara ba ne ga abin da ya faru a shekara ta 3. Sai kuma gargaɗi ɗaya: littafin Futuhush Sham da ake sayarwa da sunan Waƙidi, masana ba su yarda nasa ba ne. Nasa na gaskiya da ya iso mana shi ne Magazi, bugun Marsden Jones na 1966, mai juzu'i uku.

Yanzu yadda za ki yi da mutanen biyu. Kawu kada ki je masa da gardama, ki je masa da karatu, yadda kika saba tun kina yarinya. Ki ɗauki littafin rubutun nan ki ce, Kawu, ga isnadan na fitar, a taimaka a duba mini mazajen da suka ruwaito. Mutumin da ya gane hanyar Waƙidi da kallo ɗaya taska ne a gare ki, ɗalibai nawa ne ke da irinsa a gida? Ki nuna masa maganar Zahabi da ladabi, ki kuma yi masa alkawari ɗaya da za ki cika: duk maganar da aka jingina wa Annabi (SAW) a kundin, za ki faɗi matsayinta a wurin malaman hadisi, ba kuma za ki fitar da hukuncin shari'a daga ruwayar Waƙidi ba. Ina kyautata zaton damuwarsa ke nan. In ya tsaya kan a cire duka, ki saurara, ki gode, ki bar maganar ta kwana. Ba dole sai ya sa hannu a kundin ba, amma albarkarsa kina buƙatarta, kuma sau da yawa ganin aikin a kammale yana yin abin da baki bai yi ba.

Malam kuma, kalmar "wa'azi" ta yi miki zafi, na sani. Da ya zauna ya nuna miki hanya da ya fi. Amma wanda ya cika babi da jan biro ya karanta shi ne layi-layi, wannan ma wani abu ne. Ki rubuta shafi biyu ko uku kan yadda za ki yi mu'amala da madogaranki: waɗanne ne na farko, waɗanne ne masu tattarawa, yaya za ki yi da mai ruwaya mai rauni, yaya za ki yi in ruwayoyi sun saɓa. Ki kai masa wannan tare da sashe ɗaya da kika gyara, na Uhudu, kafin ki taɓa sauran. In ya amince, wannan shafukan su shiga babi na ɗaya, su zama garkuwarki ranar kare kundi. Littafin Akram Diya al-Umari, As-Siratun Nabawiyyatus Sahiha, zai taimaka miki a nan, domin ya yi ƙoƙarin auna sira da ma'aunin malaman hadisi, ya kuma tattauna inda ake sassauci a labaran tarihi. Littafi ne da za ki iya ajiyewa a gaban Kawu da Malam duka.

In kin ga wata huɗu ba zai isa ki yi wa kowace mace irin wannan bin sawu ba, ki nemi izinin rage faɗin aikin. Mata huɗu ko biyar da aka bi labarinsu har tushe sun fi ashirin da aka kwafo. In ma hakan ya gagara, neman ƙarin zango ya fi ajiye karatu nesa ba kusa ba. Amma a lissafina, mako biyu na fitar da isnadai, mako uku na sake babi na uku, sauran babobin za su bi da sauri tunda hannunki ya riga ya faɗa.

Saura 'yan ajinki. Ki koma musu da labarin, kada ki binne shi. Ki ce musu kin ƙara bincike, kin gano maganar nan da kike jingina wa Annabi (SAW) hanyarta ba ta da ƙarfi, don haka daga yau za a riƙa cewa "an ruwaito". Sannan ki ba su Aƙaba da ƙarfin murya, mace ɗaya cikin biyu a tsakiyar maza 73 cikin dare a Mina. Ki ba su hirar Ummu Sa'ad da tabon kafaɗa, ki faɗa musu littafin da ya kawo ta. Ita ma ƙaramar Nusaiba, in ta isa tambayar mai sunanta, haka za ki ba ta. In kin gama sashen Uhudu ki rubuto mini yadda kuka yi da Kawu. Allah Ya sa albarka a karatun, Ya raya mana Nusaiba.